Furen Lallen Kaka Hauwa

A kan rufin wani tsohon gini a unguwar Darrasa ta Alƙahira muka tashi. Ɗaki biyu ne da filin shanya, sai rabin ganga da kakata Hauwa ta cika da ƙasa ta shuka lalle a ciki. Irinsa a bakin zane ta ƙullo shi daga Sudan, ta ce ita ma uwarta haka ta ƙullo shi daga ƙasar Hausa. Mahaifiyata aikin gida take yi a unguwar Muhandisin, ba ta dawowa sai an yi isha'i, don haka a hannun Kaka na girma.

Idan sanyin Alƙahira ya shigo, da an sallame magariba sai ta hura gawayi a kasko ta ɗora jabana, butar kofinta ta ƙasa. Mu yaran rufin mu kewaye ta, bargo ɗaya mutum uku.

"Ga ta nan tafe, ta tsallako Nilu, ƙafarta a jiƙe," in ji ta.

"Ta shigo ta ji ɗumi!" mu amsa.

"Ke Rabi," ta ce mini, "janye ƙafarki daga wuta. Ba naman dare nake gasawa ba."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma ɗaya ce ta zauna mini. Wai akwai wani gari a hayin kogi, wanda wata tsohuwa makauniya ke zaune a ƙofarsa. Duk amaryar da aka kawo, sai ta miƙa mata furen da ta riƙo kafin ta shiga. Aka kawo amare uku rana ɗaya. Biyu suka biya kasuwa suka sayi manyan furanni jajaye, kowa na yabawa. Tsohuwa ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta ce ba ta ji komai ba, su wuce. Suka wuce, ba a zage su ba, ba a kore su ba, amma har suka yi furfura a garin, Baƙuwa ake kiransu.

Ta uku kuwa bayan ɗakin uwarta ta zagaya ta karyo reshen lalle mai 'yan mitsi-mitsin furanni. 'Yan rakiya suka yi ta dariya. A nan Kaka take rufe ido, ta ɗaga hanci, ta maƙale murya.

"Mm! Wannan daga gidan da ake ba itace ruwa ta fito. Yarinya, 'yar gidan wa ce ke? Yaya sunanki?"

Amaryar ta faɗi sunanta da na uwarta, kuma da su aka kira ta har ta mutu.

"Khalas," Kaka ta ce, "ta ƙare, gawayi ma ya ƙare, kowa ya nemi shimfiɗarsa."

Ranar da aka kai ni gidan miji, ita ta soke mini reshen lallen nan a cikin mayafi. Ban tambaye ta dalili ba.

Kaka ta rasu a sanyin bana, Allah ya jiƙanta. Ta ga an sa ranar 'yata Safiya, ba ta ga bikin ba. Tun rasuwarta ni nake hawa rufin ina ba lallen ruwa, kuma da zafi ya shigo ya yi fure kamar bai san abin da ya faru ba.

Mijin Safiya Bamisire ne, tare suka yi karatu. Danginsa suna da gidan gona a bayan Giza, wanda suke kira izba, mai itatuwan mangwaro da faffaɗan fili, a can za a yi biki. Ana gobe biki uwar ango, Madam Nadiya, ta gayyace mu mu zaɓi furen da amarya da ƙawayenta za su riƙe. Na karyo rassan lallen kaɗan na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na sa a jaka.

Mun tarar an jera bokitai a baranda. Wardi fari da ja, da wasu dogaye da aka ce ta jirgi aka kawo su, ban san sunansu ba. Madam Nadiya mace ce mai kirki, tana ɗaga wannan tana karawa a jikin rigar Safiya, tana cewa tamam, ya yi daidai. Ni kuwa jakata na kan cinya, na buɗe na rufe, na buɗe na rufe. Kusa da waɗannan furanni, nawa kamar abin da aka share daga tsakar gida. Safiya ta kalle ni, ta kalli jakar. Ta bar mini zaɓi.

Na fito da shi na ajiye a kan tebur.

"Ya Ummu Safiya, ma'alish, ki yi haƙuri," in ji Madam Nadiya, "wannan a hoto kamar ciyawa zai fito."

"Haka ne, ya Madam," na ce. "Kakata ce ta shuka shi. Ba ta nan yanzu. A gidanmu amarya ba ta fita sai da shi."

 Ta jujjuya zoben hannunta, sannan ta ce da mai haɗa furen ya sa shi can tsakiya, wardi ya rufe shi. Na yarda. Ban zo don a gani ba.

Washegari da la'asar sakaliya aka fito da amarya, ana kiɗa ana guɗa. Aka fara kai ta ta gaida kakar ango, wata tsohuwa ƙwarai a keken guragu a ƙarƙashin mangwaro, kowa na ce mata Teta. Safiya ta durƙusa. Tsohuwar ta kama hannunta, sai na ga ta tsaya, ta jawo damin furen zuwa fuskarta, ta tura yatsa ta buɗa wardin.

"Tamar hinna!" ta ce, haka suke kiran furen lalle. "Wallahi tamar hinna ne. Rabona da shi tun tsakar gidan uwata. Wa yake shuka wannan yanzu? 'Yata, daga gidan wa kika fito?"

Safiya ta waiwayo ta neme ni. Na matso, na gyara mayafina.

"Tattaɓa-kunnen Hauwa ce, ya Teta. Hauwa ta Darrasa."

"Allah ya jiƙan Hauwa," ta ce, kamar ta san ta.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar dabara ce ta yadda amarya za ta samu shiga. Sai a motar dawowa na tuna cewa Kaka a Sudan 'yar Takari aka kira ta, a Misira kuma Basudaniya. Ƙasashe biyu ta shiga a matsayin baƙuwa. Amma matan unguwarmu, da suke hawowa rufi neman ganyen ƙunshi, Hajja Hauwa suke ce mata, da sunanta suka yi mata kuka. Ashe labarin kanta take ba mu, ta rufe ido ta maƙale murya don kada mu gane.

Satin jiya Safiya ta zo gida. Ta hau rufi ita kaɗai, ta jima. Da ta sauko na ga ta ƙulle wani abu a bakin mayafinta. Ban tambaye ta ba, sai na ce ta jiƙa shi kafin ta shuka, kuma kada ta bar shi ya kwana da ƙishi.