Goggo Bula da Ruwan Ɗaurayar Farko

Shekara talatin da ɗaya Goggo Bula ta yi tana wanke ƙyallayen bagade, wato teburin ibada, a cocinsu, amma in ka tara waɗanda suka san sunanta na yanka, ba za su cika benci ɗaya ba. Bula ake ce mata saboda farcenta, da bular wanki ta rina ya yi shuɗi tun tana da haƙoranta cif. Mijinta tela ne, mai dogon zance da gajeren ɗinki. Ya mutu ya bar mata keken da ba ya juyawa da ɗaki ɗaya a ƙarshen lungu. 'Ya'ya kuwa Allah bai ba ta ba, sai na mutane da ta goya suka girma suka manta hanyar lungun.

Aikin nata a ido ba komai ba ne. Akwai ɗan farin ƙyallen da Fada, limamin cocin, ke goge ƙoƙon Jibin Ubangiji da shi, akwai kuma wanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin gurasar. Waɗannan ba a haɗa su da wankin kowa. Tana da wani ƙaramin kwano da ba ya taɓa komai sai su. A ciki take fara ɗauraye su da ruwa zalla, babu sabulu, domin ko ɓurɓushi ɗaya ne ya maƙale, Jikin Almasihu ne. Wannan ruwan ba a zuba shi a kwata. Ɗauka take ta kai gindin bishiyar lemo a bayan coci, ta tsiyaye shi a ƙasa mai tsabta. Sai bayan nan sabulu da bula da guga.

Ranar Lahadi wurinta bencin ƙarshe ne, kusa da ƙofa, inda babu abin da ke wuce idonta. Tana ganin masu shigowa bayan wa'azi suna taku kamar su suka aza tubalin ginin. Tana ganin masu karɓar Jibi su zarce ta ƙofar gefe da shi a baki, kamar an ba su ƙwayar ciwon kai. Tana ganin magidanta a inuwa suna gardamar ƙwallo, sai an kaɗa ƙaramar ƙararrawa su leƙo ta taga. Ta yi tsaki, ta roƙi gafarar tsakin, ta sake yin wani.

Sai gwiwoyi suka ce sun gaji. Wata safiya ta yunƙura za ta tashi, suka ƙi.

Lahadi bakwai tana jin ƙararrawar coci daga kan katifa. Abinci maƙwabta suna miƙo mata, yunwar ba ta ciki ba ce. Ta aika wa Katakis, malamin da ke koyar da addini a cocin, cewa ya faɗa wa Fada a kawo mata Jibi. Katakis ya rubuta a takarda, ya sa a aljihu, takardar ta bi wandon zuwa wanki. Mutum ɗari huɗu ke shiga cocin nan, babu wanda ya waiwaya ya ga bencin ƙarshe ya yi giɓi.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Shugabar kwamitin mata ce, wadda ake kira Uwar Gwaggwaro saboda ɗaurin kanta da ke hana benci uku ganin bagade. Sai da ta sunkuya kafin ƙofar ta karɓe ta. Katakis na biye da ita da ƙunshi a hannu.

"Goggo! Ashe jiki ne? Wallahi kullum kina bakinmu."

"A bakinku na kwana ke nan, shi ya sa ban gan ku ba. Me ke cikin ƙunshin?"

Katakis ya kwance yana kallon rufin ɗaki. Ƙyallayen bagade ne, kusan duk sun koma ruwan hoda, kamar ɗan kamfan jariri.

"Injin ne ya yi mana tsiya," in ji Uwar Gwaggwaro. "Ga shi gobe Bishop zai zo."

"Wane inji?"

"Na wankin gidana mana. Sabo ne dal. Safar maigidan ce ja ta shige ciki ban lura ba."

Goggo Bula ta san safar mutumin nan, ta taɓa durƙusawa a bayansa, sai da ta sauya benci.

"'Yar nan, ruwan farkon fa? Ina kika zuba?"

"Wane ruwan farko kuma? Injin shi ke zubar da ruwansa."

"Ina?"

"Kwata mana, Goggo."

Tsohuwa ta juya ga Katakis. "Kai kuma malamin koyarwa, kana tsaye kamar turken akuya. Kai ke sa yara haddace cewa Ubangiji ne da kansa a gurasar nan. Mako bakwai ana wanke shi da safa ana tura shi lambatu, ba ka ce ƙala ba?"

"Goggo, ayyuka ne suka yi..."

"Yawa. Na sani. Har takardata suka cinye."

Ta so ta kore su, amma ba za ta iya barin ƙyallayen a haka ba. Cikin ƙunshin akwai guda biyu na Misa, ibadar safiyar nan, da ba su shiga inji ba. Ta sa Katakis ya janyo kwanon daga ƙarƙashin gado, ta ɗauraye su tana zaune, ta juye ruwan a kwalba ta toshe. Sauran ta jiƙa su a ruwan bilic, ta cuɗa har rinin ya fita, ta sa bula, maƙwabciya ta shanya mata, da la'asar ta yi guga a kan cinya.

Washegari da sassafe direban Uwar Gwaggwaro ya zo karɓa. Ya tarar da ita ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na Lahadi, ta zauna daram a kan matashin da ta sa ƙyallayen a ƙarƙashinsa.

"Koma ka ce wa uwar ɗakinka, kayan nan ba su san hanyar coci ba sai da ni."

Ba a yi minti ashirin ba sai ga Gwaggwaron da kansa ya cika ƙofa, Katakis na biye.

"Haba Goggo, yau ranar wasa ce? Bishop na hanya!"

"To ki shimfiɗa masa ɗaurin kanki, ai zai rufe bagaden har ya yi saura."

Haka Katakis da direba suka ɗauko ta a kan kujerar roba, suna nishi, har bakin lungu. Kafin a sa ta a mota, Uwar Gwaggwaro ta zaro leda ta shimfiɗa a kan kujerar motar, wai saboda warin man zafi. Goggo Bula ta ga ledar. Ta zauna a kai, ƙyallaye a cinya, kwalba a hannu, ta danne tsakinta, don ba ta son ta shiga Misa da sabon zunubi.

A bakin coci kowa ya zama ɗan'uwa. "Goggo, mun yi ta cigiyarki!" Ita dai ta ce a kai ta bencinta.

Da lokacin Jibi ya yi, layi ya miƙe, ita ko ba ƙafa. Fada ya hango ta daga nesa, ya ratso tsakiyar jama'a har ƙarshen coci.

"Jikin Almasihu."

"Amin," ta ce, da ƙarfin da ya sa na waje suka leƙo.

Ta rufe ido. Masu sulalewa ta ƙofar gefe suka yi ta sulalewa, karo na farko ba ta ƙirga su ba.

Bayan an tashi ta sa aka kai ta gindin lemo, ta tsiyaye ruwan kwalbar da hannunta. Uwar Gwaggwaro na tsaye tana fifita da takardar waƙa.

"To Goggo, Asabar zan aiko miki da wankin. Da yamma sai direba ya karɓo."

"Lahadi da safe zai karɓo, da ni a kai. Kuma ki adana ledar nan, 'yar nan, kada ki yar. Za ta daɗe tana aiki."