Turaren Uwargida da Fankokin Injiniya

Shekarun baya kaɗan, wani injiniya Kirista ya kama haya a gidana da ke Jega. Mutum ne mai ladabi. Baba yake kirana, ni kuma ina ce masa ɗana. Shi aka ba tsara iska da hasken sabon ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata jami'a, kuma da lantarkin hasken rana ginin zai dogara.

Wata rana bayan la'asar ya yi mini bayanin dabararsa. Ya ce akwai na'ura mai sansana iskar ɗakin: idan iska tana da tsabta fankokin da ke zuƙe ta sai su lafa, kada su sha wuta a banza, idan kuwa ta gurɓace sai su tashi. Na yi ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ɗalibaina suke yi mini a darasin rabon gado.

Da ranar miƙa aiki ta zo, ya roƙe ni in yi addu'ar buɗe wurin. Ya ce wani kwamiti zai duba, idan suka ƙi karɓa to sunansa ya ɓaci a wannan sana'a. Ya kuma ambata cewa ɗakin yana warin fenti. Ni kuwa na ga bai dace a ambaci sunayen Ubangiji cikin warin fenti ba. Saboda haka na ɗauki kasko, na ari kwalbar turaren wutar da uwargida take tanadi don bikin 'yarmu, da niyyar tsunkule kaɗan. Garwashi kuma na samu wurin mai shayi a bakin ƙofa.

Na rakuɓe a wata kusurwa, kwamiti na zagayawa. Shugabansu, wani farfesa mai kaurin murya, ya kasa kunne ya ji shiru. Ya ce shi bai taɓa ganin ɗakin gwaji da ba ya ruri ba, ko dai fankokin ba sa aiki, ko kuma na ado ne. Injiniya ya yi bayani, farfesa ya ce baki ba hujja ba ne. Ga shi ba a kawo sinadari ko ɗaya ba balle a gwada. Duk wannan daga baya aka fassara mini, domin da Turanci suke yi. Abin da na gani kawai shi ne ɗana yana share gumi, sai na ɗauka lokacin addu'a ya gabato, na barbaɗa turare.

Nan take rufin ɗakin ya ɗauki gurnani. Hayaƙina ya miƙe sambal ya shige wata kafa a sama, ko ƙamshinsa ban shaƙa ba. Na ƙara, gurnani ya ƙaru. Na fara karanto abin da ya sawwaƙa na neman tsari, jelar rawanina tana kaɗawa, ina ta ƙarawa har na juye kwalbar duka. Da na ɗago, kowa ni yake kallo, injiniya ya dafe kai.

Farfesa ya matso ya ce, "Malam, akwai saura?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ya ƙare ƙaf."

Ya ce to kowa ya yi shiru. Muna tsaye hayaƙi ya gushe, fankokin suka lafa da kansu har ɗakin ya koma tsit. Farfesa ya daɗe yana duban rufi, sannan ya miƙa wa injiniya hannu. Na yi addu'ata a ɗakin da ba turare ba fenti.

A hanyar gida ɗana ya gode mini ƙwarai, sannan ya roƙe ni da girman Allah kada in sake shiga ɗakin gwaji da garwashi.

Na daɗe ina karantar da cewa israfi abin ƙi ne, ko da a ruwan alwala, ko da mutum yana bakin gulbi. Ranar nan na ga ƙarfe ya kiyaye wannan babi, mai karantar da shi kuwa ya ƙone turaren biki a zama ɗaya. Da na kawo wa uwargida wannan darasi, ta juya kwalbar ta ga wayam, ta ce, "To Malam, tunda fanka ta fi ka fiƙihu, ita za mu gayyata ɗaurin aure."