Gemun Sarki a Faifai na Shida

Kawuna ya ci kuruciyarsa a wani ɗan ɗaki a saman silima, shi da injin majigi biyu da taga ɗaya wadda ba ta fi tafin hannu ba. Mai Inji ake ce masa har yau, ko da yake silimar ta zama rumbun siminti.

Fim ɗaya ne ya yi masa suna. Labarin wani sarki ne na zamanin da, wanda ya so 'yar mai lambu, amma ƙasarsa ta yi masa kaɗan. Ya bar ta, ya ci ƙasashe bakwai, ya zauna a kan karaga shi kaɗai kamar maye, sannan ya dawo aka sha biki. Haka duk tsofaffin gari suka san shi, kuma a layin tikitin fim ɗin Kawu ya fara ganin Inna, matarsa.

Ni kuwa gidan kallo na buɗe, benci goma sha huɗu, fanka uku. Na ce in na samo fim ɗin, tsofaffi za su cika min benci, Kawu ya zama babban baƙo. Na samo shi, na kira Kawu da hantsi mu gwada.

Sai ga biki tun fim bai kai ƙarshe ba. Bayan bikin ne sarki ya tsallake amarya ya tafi yaƙi, kuma a kan karagar nan, shi kaɗai, fim ya ƙare.

"Kawu, ko sun lalata shi ne?"

Ya cire hula ya sosa ƙeya. Ashe a wancan zamani faifai shida aka kawo masa a gwangwanaye, ruwa ya cinye lambar biyun ƙarshe, harshen fim ɗin kuma ba mai ji. Ya ɗaga su a hasken taga, ya ga yaƙi a ɗaya, biki a ɗaya.

"To wane mai hankali ne zai sa biki kafin yaƙi? Kai dai kada tsohuwar nan ta gani. Ta ce min namijin da ke haska irin wannan labari ba zai gudu ya bar mace ba. Da shi na ci kasuwata."

Amma na riga na buga sanarwa, Inna kuma ta riga ta goge mayafi. Ranar kallon ta zauna a bencin gaba, Kawu ya maƙale kusa da ƙofa yana ta gumi. Da fim ya ƙare tsofaffi suka yi caa, wani tsohon tela har da cewa na sayo jabu. Inna ta juya ta hango mijinta.

"Mai Inji, zo nan, ɓoyon me kake? Ka zaci ban sani ba? Sarki ya tafi yaƙi gemu ya yi furfura, ya dawo biki gemu baƙi wuluk. Shuni ya shafa?"

"Kin sani kika yi shiru?"

"Ni ina ruwana da sarki? Na ga mutumin da aka ba shi labari a wargaje ya zaɓi a dawo gida, na ce wannan zai yi."

Kawu ya taho sumui-sumui ya zauna a gefenta. Ta dube ni ta ce, "Kai kuma ɗan nan, gobe ka jera shi yadda kawunka ke jerawa. Wannan naka ba tarbiyya."