Ranar da Na Ajiye Makullin Babur

Akwai wata ranar Talata da har gobe ba ta fita raina ba. Ku da kuka same ni da alli a hannu, kuna zaton a cikin aji aka haife ni. To, shekara goma sha huɗu na yi ina malamin gona kafin in san hanyar makarantar nan ta Garbadu.

Malamin gona shi ne ma'aikacin da ake turawa ƙauyuka ya nuna wa manoma iri mai kyau, da lokacin zuba taki, da yadda ake feshi. Ofishinmu na Talata Mafara, ni kuma yankin Maradun aka ba ni, ina mataki na tara, ga babur na ofis. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye muku ba. Da sanyin safiya in bi gefen magudanar ruwa, ƙamshin albasa na dukan hancina, kafin azahar na sha furar gida uku. Duk inda na tsaya sai an shimfiɗa mini tabarma.

A Dosara akwai Malam Isiyaku, dattijo, limamin unguwarsu, mai gonar tumatir a fadama. Ƙwari suka shiga gonar, ciyawa kuma ta cinye masa gefen hanyar ruwa. Na kai masa kwalba biyu, maganin ƙwari da maganin ciyawa, masu kama da juna kamar Hassan da Husaini. Yadda muka saba, na rubuta masa bayani a takarda: wannan na tumatir, wancan na ciyawa, murfi kaza a tankin feshi. Ya karɓa a gaban jama'a, ya dube ta, ya naɗe, ya cusa a hula.

Na ce, "Baba, ka gane?"

Ya ce, "Na gane, ɗana. Allah shi yi albarka."

Bayan kwana takwas na koma, na tarar gonar ta ƙone ƙurmus. Ya musanya kwalaben. Abin da gidansa zai ci har damina ke nan ya tafi. Na tsaya ina jiran faɗa.

Sai ya ce, "Kai ba ka da laihi. Ni da ka jan mutane salla, in ce gabansu ban iya karatun takarda ba? Boko na ban sani ba. Na kai ma jikata, ajinta biyar, ta yi ta juya ta, tac ce malaminsu bai kai su nan ba. Sai munka yi kirdado."

Maganar nan ta hana ni sakat. Yarinya ta yi shekara biyar a makaranta, layi uku sun gagare ta. Na ga duk takardun da nake rabawa shekara da shekaru, ashe a cikin huluna suke ƙarewa. Na shiga karatun koyarwa na ƙarshen mako, na yi shekara uku, na samu takardar shaida.

Daga nan sauran sauyin aiki. Ka'idar ita ce ka rubuta takarda, shugaban sashenka ya sa hannu, sannan ta tafi ofishin ilimi. Na rubuta, amma wata huɗu tana aljihuna har ta yi laushi. Tsoro nake ji, shi ne gaskiya. Ina da shekara arba'in, ga iyali, ga mutane da baki.

Ranar Talatar nan, kasuwa na ci, na shiga wurin shugabanmu, Alhaji Garba, mutumin Bakura. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ni na ƙara mata tsawo don kada mu zo kan magana. Daga ƙarshe na miƙa. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Bello, lahiyarka ƙalau? Mutane na gudun alli, kai kana tarbonai? Mataki biyu za su rage maka. Kuma babur namu na."

"Na sani, ranka shi daɗe."

"Innarka ta sani? In ba ta sani ba, ba ni sa hannu."

"Da sahen ga na hwaɗa mata. Tac ce in ɗiyan mutane zan koya ma karatu in tahi, ubana ma bai da babur, da ƙahwa yat tashe mu."

Ya ɗauki biro, ya sa hannu. Na ajiye masa makullin babur a tebur. Na fito na ratsa kasuwa a ƙasa, manoma na kirana malamin gona ina amsawa, idona cike da ƙwalla. Har yanzu in na ji ƙamshin albasa ina kewar fadamar nan.

Ranar farko a aji uku na yi bayani, na ce, "Kun gane?" Suka haɗa baki, "Mun gane!" Na san wannan amsa. Na sa suka karanta ɗaya bayan ɗaya, mutum huɗu suka iya.

Abin da na koya shi ne, a wurin mutanenmu "na gane" ladabi ce, kamar "lafiya lau". Babba na faɗa don girmansa, yaro na faɗa don girman malami. Saboda haka na daina tambayar, na daina riƙon bulala, na shiga zama kusa da kowa da littafinsa. Zango guda cur na yi a haka. Wata safiya ina tsakiyar rubutu a allo, wata yarinya Saratu, da ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Malam, ni ban gane ba."

An yi mini ƙarin girma sau uku a aikin gona, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na goge allon, muka koma farko.