Tarwaɗar Malam Isiyaku

Ku da kuka zauna unguwar Niwbel kun san marigayi Malam Isiyaku mahauci ba ya amsa gaisuwa sai ya ja numfashi uku. Shekara arba'in yana fiɗa yana duban huhu, saboda haka ya naɗa kansa alƙalin duk mai numfashi a Duwala.

A shekarun nan na matsi, da aka zabge albashin ma'aikatan ofisoshin Bonanjo, masu sayen nama suka ɓace, tukunyar gidansa ta manta da maiƙo. Ran nan ambaliya ta shigo masa da wata ƙatuwar tarwaɗa har zaure. Mai ɗakinsa Hajiya Ladi ta ce arziki ya zo, ta ɗauko wuƙa. Sai tarwaɗar ta ɗago baki sama da ruwa ta haɗiyi iska.

"Dakata, Hajiya! Wannan iskarmu take sha. Baƙuwa ce."

"Malam, baƙuwar nan da yaji za ta fi kyau."

Ina! Cikin duro ya sa ta, ya kafa tabarma a gindinsa yana gadi.

Wani malamin lekol, wato makarantar boko, ya zo ya bayyana masa cewa kifi daga cikin ruwa yake tace iskarsa, ta jan naman nan na ƙarƙashin kumatu. Ana cikin haka tarwaɗar ta leƙo ta shaƙi iska. Malam Isiyaku ya ce masa da girmamawa irin ta Faransanci, "To, Mushe, gaya mata. Ita ba ta yi lekol ba."

Ranar da aka watsa barkonon tsohuwa a unguwa kowa na jiƙa tsumma yana toshe hanci, ni da idona na gan shi ya tuɓe babbar riga ya lulluɓe duron, yana tari, hawaye shaɓe-shaɓe.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, likita ya ce a ba shi romon kifi. Hajiya ta dubi duron, Malam ya dubi Hajiya. Ya kira ni ya ce, "Alhaji, nemo taksi." Tarwaɗar a kujerar gaba cikin bokiti, mu dattawa biyu a baya, har bakin kogin Wuri. Da muka sake ta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Na ce, "Ka ga butulci?"

Ya ce, "Ƙyale ta. Wata shida tana shaƙar hayaƙin girkin Hajiya."

Bai ga ƙarshen daminar ba. Ya Allah, ka yalwata masa makwanci, ka buɗe masa ƙofar da iskar Aljanna za ta riƙa shigo masa. Amin.