Goggon da Ta Haifi Tarmasanci

Kafin masu shara su gama da barandar gidan rediyon, Goggo ta riga ta iso. Takan rataye gyalenta a ƙusar bayan ƙofa, ta yaye ƙyallen da ke kan tsohon keken rubutunta, sannan ta zauna tana motsa baki ita kaɗai. Sabon ma'aikaci yakan ɗauka addu'a take yi. Tsofaffin ma'aikata sun san sabuwar kalma take ɗanɗanawa, ta ji ko za ta zauna a baki. A takardar aiki ita mai buga rubutu ce, da wannan sunan kuma za ta yi ritaya ƙarshen watan nan. Amma duk wanda ya taɓa kasa kunne ga wasan kwaikwayon daular Tarmas, ya ji sarki na magana da wani tsohon harshe mai nauyi, to aikin Goggo ya ji. Babu wata Tarmas a doron ƙasa, marubucin wasan ne ya ƙago ta. Harshen kuwa Goggo ce ta haife shi.

Da haushi abin ya faro. Marubucin yakan rubuta, "Nan sarki zai yi magana da tsohon harshe," ya bar sauran ga Allah. Ɗan wasan da ke fitowa a sarki, wanda kowa ke kira Baba Sarki, sai ya kumbura murya ya zuba duk abin da ya zo bakinsa. Goggo, wadda tun da ƙuruciyarta aka laƙaba mata sunan saboda faɗa, ta tare shi a baranda.

"Baba Sarki, makon jiya da ka nemi ruwa ka ce gurum. Yau ka ce salaba. Wanne ne ruwan?"

"Haba Goggo, wa zai lura?"

"Ni na lura. Sarkin da bai san sunan ruwa ba, ƙishi zai gama da shi kafin maƙiya su iso."

Daga ranar ta ɗauki abin da babu wanda ya ɗora mata. Ta kafa doka cewa kalma ba ta shiga Tarmasanci sai an san kakanninta. Ta raba tarihin harshen gida uku: zamanin da ake sassaƙa shi a dutse, kalmomi dogaye kamar rawani, sai zamanin fada da aka gyare su, sai zamanin kasuwa da gaggawa ta cinye musu wutsiya. Ruwa gurumma ne a dutse, gurum a fada, gum a bakin masu talla. Ta kai aikatau can ƙarshen jimla, har takan ce shi ya sa Tarmasawa ba sa katse wa juna magana, don ba ka sanin ko kyauta sarki zai yi maka ko kora sai ya rufe baki.

Inda ta sha tsana shi ne wajen koyarwa. 'Yan wasa so suke a miƙa musu takarda su karanta gaban makirfo su kama gabansu. Goggo takan ba su takardar, amma sai ta zaunar da su a ɗan ofishinta mai ƙarar fanka, ta yi ta jefo musu tambayoyin da ba sa cikinta. Yaya za ka ce doki ya gudu? To in dawakai ne? To in babarka kake gaya wa? Mai kula da na'urar sauti ya shaida mini cewa ya sha ganin manyan mutane masu jikoki suna laɓewa bayan janareta don kada ta gan su. Tafinta, matar da ke fassara wa masu sauraro maganar sarki a cikin wasan, ta taɓa ce mata, "Goggo, don Allah ki bar mu mu haddace mu tafi." Ta ce, "Aku ma yana haddacewa, 'yata. Zauna."

Duk da haka wani abu na cin Goggo a rai, ba ta kuma ɓoye shi ba. Shekaru sun tura, amma ba a taɓa yin Tarmasanci a iska ba tare da takardarta a hannu ba. Ita kanta ba ta sani ba, harshe ta gina, ko kuwa abin wasa ne da zai mutu ranar da ta daina zuwa aiki.

Amsar ta zo ta hanyar da ba ta so. Aka shirya kashin ƙarshe na wasan, za a yi shi kai tsaye a babban zaure gaban jama'a, inda sarki zai yi dogon bankwana ya sauka daga mulki. Baba Sarki kuwa yanar ido ta rufe shi, ko manyan haruffa ba ya gani, hadda kuma ta daina zama masa. Darakta, mutum mai tausayi, ya kira su ofis ya ce gara a sa wani ya karanta jawabin, kada dattijo ya ji kunya a idon duniya. Baba Sarki ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, kada a ba shi takarda," in ji Goggo. "A gaya masa abin da sarki ke son faɗa, shi ya faɗa."

"In ya kakare fa, Goggo? Kai tsaye ne."

"In ya kakare, ni na kakare. Baba Sarki, za ka iya?"

Ya ce, "Ai kin wahalar da ni isasshe. Bari mu ga ko wahalar ta yi rana."

Ranar, Goggo na zaune a layin gaba. Tafinta ta kamo hannun dattijon ta tsayar da shi gaban makirfo, ita ma hannunta babu takarda. Ya buɗe baki, Tarmasancin fada ya fara zuba, kowace jimla da aikataunta a ƙarshe, Tafinta na biye da shi tana juyawa. Ya yabi dakarunsa, ya yi wa 'yarsa wasiyya, har ya yi wa waziri shaguɓe zaure ya kwashe da dariya. Sai ya ce akwai abu ɗaya da yake roƙo wurin jama'arsa, ya yi shiru.

Nan take Goggo ta gane inda ya dosa. Wannan ba ya cikin abin da aka gaya masa. Dattijo ne ke bankwana da abokan aiki da masu sauraro, yana son ya nemi gafara, ita kuwa ba ta taɓa ƙera kalmar yafiya ba, don sarakunan Tarmas ba su taɓa neman ta ba. Shirun ya yi tsawo har darakta ya miƙe tsaye. Sai Baba Sarki ya ɗauko lam, wato kwance, ya haɗa da tora, wato igiya, ya ɗora musu ƙarshen da ake yi wa na gaba magana da shi.

"Lamtorash," ya ce.

Tafinta ba ta ko kalli Goggo ba. Ta ce, "Sarki ya ce ku kwance masa igiya. Ya ce ku yafe masa." 'Yan wasan da ke bayansa suka ɗauki kalmar da ba su taɓa ji ba, suka juya ta yadda dokar harshen ta ce, suka amsa masa da baki ɗaya cewa sun yafe. Zaure ya miƙe da tafi. Goggo ta yi kuka ba ta ɓoye ba, kukan daɗi kuwa. Da aka fito ta kama hannunsa ta ce kalmar ta ginu daidai, shi kuma ya ce wannan ne yabo na farko da ya taɓa samu a bakinta.

Ke ce, Goggo, kika ga shirme kika ƙi kau da kai. Ke ce kika yarda a guje ki a baranda, in dai ranar da ido ya ƙi, baki zai iya. Uwar harshe, mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya. Ku kuma masu koyar da wani abu, ko ɗinki ne ko gyaran mota, ku yi irin nata, ku koyar har a iya ba tare da ku ba. Jiya na wuce ta ƙofar ɗakin ɗaukar shiri, na ji Tafinta da waziri suna gardama kan wata sabuwar kalma da Tarmasanci. Sun kai ƙarshenta, Goggo, kuma babu wanda ya taso tambayarki.