Zoben da Gwaggo Ta Ɓoye a Gwangwani

Haɗeja

Ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba da azkar, muka fito ni da autata Sakina. Maigida ya raka mu tasha yana cewa bai taɓa ganin wanda ya yi tafiya don tsuntsu ba sai ni. Na ce ya dai tuna akwai miya a firji.

Ga dalilin tafiyar. Sakina ta dawo hutu daga kwaleji, ta nuna mini a waya cewa wasu tsuntsayen da ke cika fadamarmu da sanyi daga ƙasashen Turai suke tasowa, su ƙetare teku da hamada. Har masu bincike kan sa musu ɗan zobe mai lamba a ƙafa don su san inda suka kai. Ina jin zobe sai na tuna da Gwaggo. Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina da ke wani ƙauye gaba da Kirikasamma, ta haura shekara ashirin tana ɓoye da irinsa. Mijinta, da take kira Malam, ya kamo tsuntsu, ta dafa masa, sai wajen zubar da ƙafafun ta ga zoben. A shekarar ya rasu. Tun daga nan ta ɗauka dabbar aljannu ta ciyar da shi, kuma babu malamin da ya iya cire mata wannan daga zuciya.

Hanyar Kirikasamma

Mota ta cika shida da rabi. A shingen jami'an tsaro aka leƙa buhunan bayan mota, aka ce mu wuce. Sakina kuwa bakinta bai huta ba. Wai kogin Haɗeja ba ya zuwa teku, Tafkin Cadi ya nufa, kuma daga wajen Kano ruwan yake gangarowa.

Direba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, wato ragowar wankin Kanawa muke sha?"

Wani dattijo a gaba ya ce, "Kai dai duba hanya. Da ba kyau da kifinmu bai fi nasu daɗi ba."

Bakwai da rabi da 'yan mintuna muka sauka, muka sha koko da ƙosai a bakin tasha.

Babur da kwalekwale

Daga nan babura biyu, minti ashirin da biyar a kan gaɓa tsakanin gonakin shinkafa, ina riƙe da hijabina ina salati. Sai fito. Mai kwalekwalen, Malam Bukar, yana tura gora ta cikin kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye hanyoyin ruwa. Tsuntsaye suka tashi gabanmu, garke guda. Sakina ta ce masa baƙi ne daga Turai.

Ya fashe da dariya ya ce, "Shekara arba'in ina korar Turawa daga gonata ban sani ba! Da biza suke shigowa?"

Gidan Gwaggo

Tara da kwata muka yi sallama. Gwaggo ta rungume Sakina tana cewa, "Ƙawata, boko ya tsotse ki." Sai da muka ci tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, muka yi azahar, sannan na samu ƙarfin halin ɗauko zancen.

Fuskarta ta sauya. "Ke Binta, ba a ambatar wannan a gidan nan."

Sakina ta matsa kusa da ita ta kunna wayar. Ga wata Baturiya riƙe da ɗan tsuntsu, ta maƙala masa zobe da 'yar awartaki, ta sake shi. Gwaggo ta ce a maimaita. Sau uku ta kalla. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana jan akwati. Ta fito da gwangwanin madara, a ciki tsumma, a cikin tsumman gishiri, a cikin gishirin zoben. Ta miƙa wa Sakina.

Sakina ta goge shi ta karanta. Lambobi ne da sunan wani gari da ta ce can arewacin Turai yake.

"Ba rubutun mutanen ɓoye ba ne?"

Sakina ta ce, "Gwaggo, aljani da adireshi?"

Hawaye suka zubo wa Gwaggo. Can ta ce, "Ashe kwanan Malam ne ya ƙare." Ni ma na kasa riƙe nawa.

Ba ta gama share ido ba ta ɗago a firgice. "To ai yana da mai shi kenan! Mun ci haƙƙin mutum."

Sakina ta ce ba kiwonsa yake ba, labarin inda ya kai kawai yake nema, kuma za ta iya aika masa ta waya.

Gwaggo ta gyara zama. "Rubuta. Ki ce Tabawa na gaisuwa. Tsuntsunsa ya iso lafiya. Ya yafe mana, mun sa shi a miya."

"In ce ya yi daɗi?"

"Kada ki yi ƙarya, ƙawata. Ƙashi ya fi yawa."

Komowa

Uku da rabi muka baro ta tana kiran maƙwabta su zo su ga zoben, ƙullin kifin da ta ba mu a cinyata. Ana kiran magariba muka shiga Haɗeja. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malam Bukar da bai kifar da mu ba duk da dariyarsa. Allah ya jiƙan mijin Gwaggo, ya sa ya huta, ita ma yau ta huta.